Daren da Sista Ta Kifa Ummi

Sai a kwana na uku da yi mini aiki aka yarda in je in gan ta. Hawan jini ne ya taso mini a wata na bakwai, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, kai kuwa kamar ana sara da gatari. Likitoci suka ce in ba a ciro abin da ke cikin ba, jijjiga na nan tafe, kuma ana iya rasa mu duka biyun. Cikin yana da sati 30 aka ciro ta, nauyinta kilo ɗaya da giram 300. Inna ta riga ni leƙa ta ta taga. Da na tambaye ta yaya yarinyar take, sai ta kau da kai ta ce, "Mutum ce dai, da hannunta da ƙafarta. Allah Ya raya."

Tsakiyar hunturu ne, hazo ya rufe gari, amma ɗakin bakwaini zafi gare shi kamar gidan burodi. A bakin ƙofa ake cire takalmi, a wanke hannu har gwiwa, a ɗora koriyar riga a kan kaya. Kwalabe shida ne a jere, tata ce ta ƙarshe, kusa da bango. Na same ta a rigingine, ba komai a jikinta sai hular saƙa da famfas da aka naɗe biyu don ya yi mata yawa. Roba mai baki biyu a hanci, wata siririya ta bi ta baki zuwa ciki. A gefen kwalbar ga wata gorar ruwa tana ta ɓulɓul, an nutsa bakin tiyo a cikinta daidai santimita 5. A tafin ƙafarta an naɗa wani ɗan abu mai jan haske kamar garwashi, wayarsa ta haura zuwa wata na'ura mai nuna lambobi biyu.

Fuskarta ban iya kallo sosai ba, 'yar fari ce, ga Inna a bayana. Ƙirjinta na zuba wa ido. Duk ta ja numfashi sai tsakiyar ƙirjin ya lotsa, ciki ya taso, kamar sikelin mai awo, nan ya sauka can ya tashi. Ana iya ƙirga awazunta ɗaya bayan ɗaya. In ta fitar da iskar kuma sai ka ji ɗan nishi siriri, irin na ɗan mage da aka haifa jiya.

Ni malamar lissafi ce a sakandaren 'yan mata, kuma a ɗakin nan lamba ce kaɗai abin da na san kansa. Na tambayi Sistar da ke aiki ma'anarsu. Ta ce ta ƙasan bugun zuciya ce, ta saman kuma yawan oksijin ne a cikin jini, a kan ɗari. "Tsakanin 90 da 95 muke so, Maman Bebi." Hali zanen dutse, na ce me zai hana a nemi ɗari bisa ɗari? Ta yi dariya ta ce nan ba aji ba ne. Oksijin in ya yi wa bakwaini yawa jijiyoyin idonsa yake lalatawa, kuma a shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai sun makance a Turai da Amurka saboda an cika musu kwalba da shi da kyakkyawar niyya. Da na ba wa maigidana labari da yamma, shi ya ce ai mawaƙin nan Stevie Wonder, da aka haifa bakwaini a 1950, a cikinsu yake. Ya daɗe yana sauraron mutumin, bai taɓa zaton zancen zai iso gidansa ba.

A dare na biyar abin ya faru. Wajen ƙarfe biyu na je kai nonon da na tatsa, cokali biyu ne ma ba su cika ba, na tarar na'urar tana ta ƙara. 84. Ta ɗan hau 86, ta dawo. Injin oksijin guda ɗaya ake raba wa Ummi da jaririn da ke kusa da ita, kuma an riga an kai shi kusan iyakarsa. Sistar dare wata dattijuwa ce marar yawan magana, gilashinta a ƙarshen hanci. Ta duba robar hancin, ta zuƙe majina, ta tsaya tana kallon ƙirjin nan kamar minti guda. Sannan ta wanke hannu, ta murza tafukanta don su yi ɗumi, ta zura su ta 'yan ƙofofi biyu masu zagaye da ke jikin kwalbar.

Ta shimfiɗa tafin hagu a kan ƙirjin yarinyar, yatsa biyu suna tallafe da haɓa, na dama ya bi ta ƙeya zuwa baya. A hankali, kamar mai juya waina a tanda tana tsoron kada ta fashe, ta kifa ta. Ta karkata kan gefe guda yadda hanci da baki suke a sarari, ta naɗe gwiwoyin a ƙarƙashin ciki, ta kawo hannun kusa da baki, ta zagaye ta da tawul da aka nannaɗe kamar gammo. Ummi ta koma kamar ɗan kwaɗo.

Ban san lokacin da na ce, "Sista, za ta shaƙe!" ba.

Ko juyowa ba ta yi ba. "Jawo kujera ki zauna. Lamba kike so, ga lamba nan."

Da farko abin ya ƙara lalacewa, 80, don an taɓa ta. Cikina ya ɗuri ruwa. Sai 85. Sai 88, ta daɗe a nan. Na sa agogon bango a gaba ina ƙirga numfashinta, yanzu a bayanta nake ganinsa, yana tashi yana sauka bai ɗaya, babu wannan sikelin. Kafin a juya ta Sista ta ƙirga 72 a minti, ni na samu 58. Kafin minti ashirin lambar ta zauna a 93, nishin ya yi ƙasa har sai ka kasa kunne. Sista ta miƙa hannu ta ɗan rage oksijin ɗin, lambar ba ta motsa ba. Ta ce, "Wannan kwanciyar, sai da na'ura a ƙafa da ido a kanta." Na ji maganar, amma ta wuce ta bayan kunnena. Abin da na gani ya fi ƙarfin abin da na ji.

Washegari na sa aka kawo mini littafin rubutu mai shafi arba'in, irin na ɗalibaina. Na ja layi a tsakiya, hagu rigingine, dama rub da ciki. Duk bayan awa uku ake ba ta nono ta roba, a sauya mata kwanciya don kada fata ta yi gyambo ko kai ya baje ta gefe guda, ni kuma in rubuta. Kwana goma ina wannan. Ɓangaren dama kusan kullum ya fi na hagu da biyu zuwa huɗu, kuma na'urar ta fi yin shiru.

Wata matashiyar likita ce ta ga littafin ranar da suke zagaye, ta dawo da rana ta zauna a gefena. Ta ce haƙarƙarin babba ƙashi ne, kamar azarar ɗaki, na bakwaini kuwa guringuntsi ne, kamar ɗanyen kara. Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, mahauta sun fi kowa saninsa, shi ke ja ƙasa iska ta shigo. A jikin babba haƙarƙari yana tsayawa kyam, a jikin bakwaini sai ya biyo jan ya lotsa, rabin wahalar ta tafi a banza. Ga shi huhun bai gama yin wani ruwa mai santsi kamar sabulu ba, wanda ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa, don shi ba ya wadata sai wajen sati 34 zuwa sama. Aikin gorar nan mai ɓulɓul ke nan, ta riƙa tura iska kaɗan-kaɗan don kada jakunkunan su rufe. To in yaro yana rigingine, hanta da tumbi da hanji duk sai su jingina da naman nan, balle an ba shi nono, zuciya ma ta kwanta a kan huhu. Mafi yawan huhu kuwa ta wajen baya yake, nan jini ya fi bi, sai jinin ya ratsa wurin da aka danne ya fita bai ɗauki komai ba. In aka kifa yaron, katifa ta tokare gaban ƙirjin, bayan ya samu sarari ya buɗe, iska da jini su haɗu a wuri ɗaya. Nono ma ya fi saurin barin tumbi. Ta ce tun 1979 wani likita mai suna Richard Martin da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka suka auna oksijin da ke jinin bakwaini a kwanciyar biyu, suka samu abin da littafina ya samu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, kamar ɗalibar da aka duba aikinta aka ce daidai ne.

Ba wai kifawar ta kawar da komai ba. Bakwaini suna mance numfashi, haka kawai, ƙwaƙwalwar ba ta gama koyon aikin ba. Sau da yawa a rub da cikin ma sai bayan ya tsaya cak, lambar ta fara gangarowa, leɓe ya yi duhu, sai Sista ta ɗalli tafin ƙafar ko ta shafa bayan, ta ja dogon numfashi kamar wadda aka tasa daga mafarki. Kullum ana ba ta aminofilin saboda wannan, ɗan'uwan sinadarin nan ne da ke hana mai cin goro barci. Inna da ta ji haka ta ce ashe jikar tata tun yanzu ta shiga sahun tsofaffi.

Suna dai an yi shi ba mu. An yanka rago a gida, babanta ya zo da asuba ya sa baki a ƙofar kwalba ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa, shi ya sa muke ce mata Ummi.

A sati na uku aka fara ba ni ita in goya a ƙirji, fata da fata, a tsaye tsakanin nonuwa, kanta a karkace, a ɗaure da zane. Wannan ma rub da ciki ne, sai dai ni ce katifar. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro dabarar a 1978, lokacin da likita Edgar Rey ya rasa kwalaben da za su ishi jariransa. Daga baya, a 2021, wani babban bincike da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna in aka fara goyon nan tun ranar haihuwa, mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 tana raguwa da kashi 25 cikin ɗari. A lokacin ni ban san wannan ba, abin da na sani shi ne a ƙirjina lambar takan kai 95, kuma Inna ta ce a tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin goyo ta gaba ba sai a wajen biri.

Ranar da aka cire mata oksijin, tana neman sati 34 in aka haɗa da kwanakin ciki, Metiron ta zo ta rubuta a katinta cewa daga yau rigingine kawai. Na zaci kuskure ne. Na ɗauko littafina na bi ta har ofis, na buɗe mata shafi-shafi, na ce gani ya kori ji. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malama, na'urar nan za ki tafi da ita gida? Ni za ki tafi da ni?"

Likitar nan ce ta sake zama da ni, wannan karon ba dariya. Ta ce akwai mutuwar da ke ɗaukar jariri lafiyayye cikin barci, a kwantar da shi da dare a wayi gari babu shi, a bincika a rasa dalili. Ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma bakwaini sun fi kowa shiga hatsarinta. Shekaru da dama likitocin Turai da Amurka da kansu suke ce wa iyaye su kifa jarirai. Littafin renon yara na Dakta Benjamin Spock, wanda aka sayar da miliyoyinsa, haka ya riƙa faɗa tun ƙarshen shekarun 1950, kuma ganin yadda kifawar ke taimakon bakwaini a asibiti ya ƙara wa shawarar ƙarfi. Sai a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 bincike a Bristol ta Ingila da Niyu Zilan da tsibirin Tasmaniya ya tona cewa kwanciyar nan tana ninka hatsarin. A 1991 wata fitacciyar mai gabatar da shiri a talabijin ɗin Birtaniya, Anne Diamond, ta rasa ɗanta ɗan wata huɗu ta wannan hanya, ta tsaya kai da fata har gwamnati ta shiga gangamin a kwantar da jarirai a rigingine. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sauya shawararta a 1992, gangaminsu ya fara a 1994. A ƙasashen biyu mace-macen suka ragu da fiye da rabi.

Na ce amma ai a rub da ciki ta fi samun barci, ba ta firgita, ba ta motsi. Ta ce, "Barcin nan da kike yabo, shi ne abin tsoron." Jaririn da aka kifa barcinsa ya fi nauyi, ya fi wuyar farkawa. In hancinsa ya nutse a katifa mai laushi, iskar da ya fitar ita zai riƙa mayarwa, ga zafi na taruwa a jikinsa, ga wuyan bai yi ƙwarin ɗaga kai ba. Abin da zai cece shi shi ne ya farka ya yi kuka, kuma wannan farkawar ce kwanciyar ke dannewa. Masu bincike a Melbourne ma sun auna sun ga oksijin da ke isa ƙwaƙwalwar lafiyayyen jariri yana raguwa in yana barci a kife. Ribar da nake rubutawa a littafina ta huhu marar ƙwari ce, kuma huhun Ummi ya yi ƙwari. Ta ce in tana farke, ina zaune a kanta, in riƙa kifa ta na ɗan lokaci don wuya da kafaɗa su yi ƙarfi. Barci kuwa, dare ko rana, rigingine har ta shekara.

Kwana 41 muka yi aka sallame mu, tana kilo ɗaya da giram 800. Gidanmu na wuce wanka. Inna ta gyara ɗakinta tsaf: sabuwar katifar jarirai mai taushi kamar auduga, ɗan matashi mai leshi, barguna biyu, kaskon garwashi a lungu, ga turaren wuta. Ina shiga na fara kwashewa. Matashi waje, garwashi waje, bargo ɗaya a soke shi ƙarƙashin katifa iya ƙirji. Inna tana tsaye tana kallona, ta ce tara ta haifa, bakwai suna raye, duk a kife ko a gefe ta kwantar da mu, kuma ba a asibiti ta koyo ba. Tsoronta tumbuɗi ne, kada ya dawo ya sarƙe yarinya, sai kuma ƙeya, kada ta baje kamar faifai a riƙa yi mata dariya ranar kitso.

Na ɗauko katin asibiti na nuna mata zanen da likita ta yi mini a bayansa. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. In yaro yana rigingine, ta abincin ce a ƙasa, tumbuɗi ya taru can ya haɗiye abinsa ko ya zubo ta gefen baki. In yana kife, ta abincin ta koma sama, abin da ya fito sai ya gangaro bakin hanyar iska. Inna ta juya katin sama da ƙasa, ta miƙo mini, ta ce boko dai bai bar komai ba. Ba ta yarda ba, ta dai ƙyale ni.

Bayan kwana biyu, tana gasa mini jiki da ganyen darbejiya, sai ta kawo zancen wata maƙwabciyarmu ta da, tun ina ƙarama. Ɗanta na wata uku, ƙato, mai ƙoshin lafiya, aka wayi gari ya rasu. Dangin miji suka ce ita ta danne shi cikin barci, ta yi rantsuwa har ta gaji cewa ba gado ɗaya suka kwana ba, auren bai kai shekara ba bayan nan. Inna ta tsoma ganyen a ruwa ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na ɗauko yaron nan da hannuna. A kife yake."

Wadda ta karya dokar kuwa ni ce. Ummi tana wajen wata uku ta shiga kukan dare, kwana huɗu ban runtsa ba. A dare na biyar na tuna hannun Sista, na kifa ta, na naɗe gwiwoyin, na karkata kan, na ce minti goma kawai ina zaune. Nan take ta yi luf. Barci ɓarawo ne. Kiran assalatu ne ya tashe ni, ɗakin tsit, irin shirun da ban ji ba tun da muka dawo. Na kai hannu jikina na ɓari, na tarar ba ta inda na ajiye ta. Tana hannun Inna, a bakin gado, tana barcinta a rigingine, Inna ta kafe ni da ido. Ta ce ta shigo wajen ƙarfe uku ta samu fuskar yarinya ta juya cikin zane, ta jiƙe sharkaf da gumi. "Ke da kika zo mana da zane-zane a kati." Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta kuma sake tayar da maganar ba, ko ga babanta. Daga ranar muka raba dare biyu, ita farko ni ƙarshe.

Tana da wata takwas, wato shida in an cire watannin da ta yi gaggawa, Inna ta zo mana kwana biyu a gidana. Da hantsi na kwantar da Ummi a rigingine na shiga kicin. Da na dawo na same ta a kife, gwiwoyi a naɗe, ɗuwawu a sama, kai a karkace, babban yatsa a baki, kwanciyar daren nan sak, ba wanda ya taɓa ta. A kilinik an gaya mini in yaro ya iya juyawa gaba da baya da kansa, a kwantar da shi a rigingine a bar shi da zaɓinsa, kuma satin nan na ga tana yi. Duk da haka na tsaya a kanta ina ƙirgawa a bayanta, 34 a minti, hannuna a miƙe ban san ko in juya ta ko in bari ba.

Inna tana kan sallaya tana jan carbi. Ta leƙo ta gani, ta ce, "To, Malama, sai ki je ki kai ƙararta wajen Sista."